Baƙon da ba ya cin nama: me za a zuba masa?

Tambaya: Maigida, an aiko kicin cewa cikin baƙin da za su sauka otal ranar Laraba akwai huɗu da ba su cin nama: Indiyawa biyu, Bahabashe ɗaya da wata Baturiya. In an gama miya, in tsame naman in zuba musu ruwan, ko in soya musu kifi? Kuma wai me zai sa mutum da kuɗinsa ya ƙi nama?

Amsa: Kul, yaro. Miyar da aka dafa da nama ta nama ce ko ka tsame shi har ƙashi, domin romo da kitse sun riga sun bi ruwan. Da kai ne aka tsame naman alade daga tukunya aka miƙo maka romon, ai ba za ka taɓa ba. To haka suke kallon abin. Kifi kuwa, a wurin mafi yawansu shi ma nama ne.

Kafin ka ɗora tukunya, a je a tambayi kowannensu abu huɗu: ƙwai, madara da man shanu, kifi, sai albasa da tafarnuwa. Mutanen nan huɗu ba hanyarsu ɗaya ba.

Indiyawa su suka fi kowa daɗewa a wannan al'ada. Mabiya addinin Jain da Hindu da yawa sun bar nama tun ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa, bisa aƙidarsu ta ƙin cutar da duk mai rai. Galibinsu suna shan madara da kindirmo, suna girki da man shanu, amma ba su cin ƙwai. Shi ya sa kek da Bama suke fita daga lissafi. In ɗan Jain ne mai riƙo, ba ya cin abin da aka tono daga ƙasa: albasa, tafarnuwa, dankali, karas, haka ma zuma. In sun zo da kayan gwangwani ko biskit daga ƙasarsu, duba jikin kwalin: koren ɗigo cikin koren murabba'i alama ce ta hukuma cewa babu nama a ciki.

Bahabashen, in Kiristan Cocin Orthodox ne, wataƙila azumi yake. Suna kame baki daga nama, madara, man shanu da ƙwai duk Laraba da Juma'a, da kuma kwana 55 kafin bikin Ista. Ka ga ranar saukarsu ta dace da Laraba, don haka kada ka yi mamaki in ya nemi tsire ranar Alhamis. Baturiyar kuma tata ta fi kama da ra'ayi: tausayin dabbobi, ko lafiya, ko muhalli. A Turai ana danganta abin da Pythagoras, masanin lissafin nan na Girka, amma ƙungiyar masu barin nama ta zamani a garin Ramsgate na Ingila aka kafa ta a 1847. A 1944 Donald Watson da abokansa suka kafa ta masu tsanantawa, waɗanda ake kira bigan, ba madara, ba ƙwai, ba zuma. Ko a ƙasashen Larabawa an yi Abul Ala al-Ma'arri, makahon mawaƙin Sham da ya rasu a 1057, wanda ya bar nama da madara da ƙwai da zuma. Mu dai nama halal ne gare mu, kuma ba muhawara aka kawo ka yi ba. Cikin baƙo amana ne a hannun kuku.

Inda kukuma suke faɗawa rami shi ne abin da ido ba ya gani. Dunƙule mai ɗanɗanon kaza ko na shanu, ajiye shi. Ko wanne za ka ɗauka, karanta bayan kwalin tukuna. Garin kirafish da busasshen kifi ba su shiga. Man da aka soya kaza a ciki ba a soya musu dankali da shi. Ware tukunya, ludayi, wuƙa da katakon yanka, ka ɗaura musu ƙyalle a mariƙi don kada wani ya ɗauka cikin sauri.

Yanzu ga ainihin aikin. Nama abu uku yake yi wa miya: zaƙin romo, maiƙo, da abin taunawa. In ka cire shi ba ka mayar da ukun nan ba, salam za ta fito, baƙo ya ɗauka iyawarka ke nan.

Romo daga albasa da daddawa yake fitowa. Samo manyan albasa uku, irin jar nan ta Gada ko Aliero mai ƙarfi, ka yanka siri-siri. Zuba man gyaɗa cokali huɗu, wuta matsakaiciya, ka yi ta juyawa minti 15 zuwa 20 har ta koma ruwan zuma. Gaggawa ce ke ɓata wannan mataki: wuta ta yi yawa, gefen albasa ya ƙone tsakiya na ɗanye, romo ya yi ɗaci wanda ba abin da zai cire shi. In ta yi, zuba tumatirin gwangwani cokali biyu ka soya minti uku har mai ya taso, sannan dakakkiyar daddawar kalwa ƙwaya biyu. A soya daddawar a man, kada a jefa ta cikin ruwa. Suya ke kashe warin ta bar ƙanshin. Ƙara karas biyu, yankan kabewa ɗaya, citta, masoro, ruwa lita uku, ya yi ta ɓararraka a hankali minti 40, ka tace. Wannan ruwan shi za ka zuba duk inda ka saba zuba romon nama, har dafa-duka, banda abincin ɗan Jain mai riƙo. Kada ka cika kabeji a ciki, in ya daɗe a wuta wari yake yi. Baƙon da bai saba da daddawa ba, fara masa da ƙwaya ɗaya.

Da romon nan miyar taushe ba ta neman kowa. Na mutum huɗu: kabewa rabin kilo, a dafa ta a romo lita ɗaya har ta narke, a farfasa da ludayi. Jajjagen tattasai uku, tumatir huɗu da attaruhu ɗaya, a soya daban a manja. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa kofi ɗaya, a dama ta da ruwan ɗumi kafin a zuba, in ba haka ba gudaji za ta yi. Ta dahu minti 15, ana juyawa don gyaɗa na kama gindin tukunya. Alayyahu da yakuwa su ne na ƙarshe, minti biyar kawai. Yakuwa hannu ɗaya ta isa, in ta wuce haka tsami ya rufe komai.

Wake shi ke cike gurbin nama a jiki. Busasshen wake na da furotin kusan giram 24 a cikin giram 100, gyaɗa kusan 25, waken suya kusan 36. Abin da hatsi ya gaza da shi wake na da shi, abin da wake ya gaza da shi hatsi na da shi, shi ya sa shinkafa da wake, ko ƙosai da kunu, suke riƙe ciki. Masar na da fulmudammas da koshari, Sham na da mujaddara ta shinkafa da adas (wani ƙanƙanin dangin wake), Habasha na da shiro na garin wake da suke ci da gurasarsu injera. Duk dabara ɗaya ce. Kuskuren da ake yawan yi: zuba tumatir ko tsamiya kan waken da bai nuna ba. Tsami na tsayar da bawon, sai ka ƙone itace wake na nan tsattsaye. Bari ya yi laushi tukuna. Kanwa tana saurin nunar da shi, amma ɗan gutsure kamar ƙwayar masara ya ishi kofi biyu. In ta yi yawa wake ya yi duhu, ya yi ɗanɗanon sabulu, ta kuma lalata wasu bitamin.

Indiyawan, yi musu dal, miyarsu ta adas, za ka ga fara'a. In babu adas, surfa farin wake kamar na ƙosai, kofi biyu, ruwa kofi shida, kurkum rabin ƙaramin cokali, ka kwashe kumfa, ya dahu har ya faske. Sirrin yana ƙarshe: narka man shanu cokali uku a ƙaramin kasko, jefa kumin ƙaramin cokali ɗaya, da ya fara tsartsatsi ka sa tafarnuwa, citta da busasshen barkono, daƙiƙa 30, ka juye kan waken ka rufe nan take. In za ka sa hulba, ƙwaya biyar ko shida. Ta wuce haka ko ta ƙone, ɗaci. Man shanunmu na Sakkwato ya dace da wannan sarai, a dai soya shi tukuna ruwan ya ƙone, kuma ba da albasa ba in akwai ɗan Jain, tafarnuwar ma a bar ta. Na Bahabashe da Baturiya a raba tun kafin wannan mataki, a yi musu da man gyaɗa.

Abin taunawa kuwa awara ce, wadda asalinta daga Sin ne. Gara ka yi taka da ka sayo, don ka san man da ta shiga. Waken suya kilo ɗaya, a jiƙa awa biyar zuwa shida. Da zafin Afrilu kada ya kwana, tsami zai yi. A markaɗa, a tace da ƙyalle da ruwa lita takwas. Yi amfani da tukunyar da madarar ba ta wuce rabinta ba, domin kumfa na tasowa farat ɗaya. Ta tafasa minti goma cur. Madarar da ba ta dahu ba ita ke kawo ƙarnin wake da kumburin ciki. Rage wuta, ka riƙa zuba ruwan tsami ko na lemun tsami kaɗan-kaɗan ta gefe, kana juyawa sau ɗaya a hankali. Da ka ga ta dunƙule, ruwan ya koma garai mai ɗan rawaya, tsaya. In ruwan na nan fari, tsami bai isa ba. In ka zarce, awara ta yi tauri da tsami. In ka cika juyawa, ta wargaje. Juye a ƙyalle, zuba gishiri, ɗaure, danne da dutse minti 40. Yanka, soya, ka barbaɗe da yajin ƙuli, ko ka jefa cikin miyar tumatir minti goma na ƙarshe. Masu tsomawa a ƙwai kafin suya, wannan karon banda. Wadda ba a soya ba a nutsa ta cikin ruwa a firji, ana canza ruwan kullum, kada ta wuce kwana uku. In babu wuta, a soye ta ranar.

Ga baƙon kwana biyu babu damuwar lafiya. Mai zama wata da watanni ba nama, ba madara, ba ƙwai, shi ne ke buƙatar ƙwayar bitamin B12, domin ganye da wake ba su ba da shi, wannan kuma tsakaninsa da likitansa. Naka shi ne ka ajiye yankan lemun tsami gefen wake da kwaɗon zogale, yana taimaka wa jiki ya ja sinadarin ƙarfe da ke cikinsu.

Ranar Talata da safe ka shiga Kasuwar Daji ka haɗo kabewa, alayyahu, yakuwa da zogale, ka jiƙa waken suya da azahar, romo da awara su kwana a firji. Rubuta sunan kowane baƙo a jikin kular abincinsa, kuma kai da kanka za ka miƙa wa mai kai abinci.