Amsa ga ɗan'uwa mai tunanin barin makaranta

Ɗan'uwa ka ce kuɗin rajista da rashin abinci sun sa kana tunanin ajiye karatu, don Allah kar ka yi. Nemi bashin NELFUND tukuna, wato asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗaliban manyan makarantu bashi, tun 2024 suke biyan kuɗin makarantar gwamnati kai tsaye, ga naira 20,000 duk wata, babu ruwa a ciki, sai shekara 2 bayan bautar ƙasa ake fara biya. Kuma ka daina kulle kanka a ɗaki, wallahi damuwa ta fi cin mutum in yana shi kaɗai, shiga tutoriyal ɗin MSSN (ƙungiyar ɗalibai Musulmi), ku haɗa tukunya da 'yan ɗakinku, sannan ka samu kodinetanku, malamin da ke kula da ajinku, ka faɗa masa halin da kake ciki tun kafin a rufe rajista.