Fitilun radar ne suka shanye mana sabis a unguwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da shagon kayan masarufi a Palladan da ke Zariya, ina kuma ɗan taɓa aikin wayarin. Saboda ɓarayi na sa fitilu huɗu masu kamawa in sun ji motsi, irin waɗanda aka rubuta radar a kwalinsu. A satin kuma na ɗaura busta, wato na'urar ƙara ƙarfin sabis, don POS ɗina ya daina yankewa. Tun daga nan kira ke katsewa a layinmu. Maƙwabta sun ce radar ɗina ce ke shanye sabis, wani ma ya ce zan jawo wa jiragen Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama matsala. Magana ta kai gaban mai unguwa, hankalina a tashe yake. In cire fitilun ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kwantar da hankalinka, ba ka kayar da jirgin kowa ba, kuma da wuya a ce fitilun ne. Tunda kana taɓa wayarin, juya bayan ɗaya ka karanta. Yawancin irinsu a zangon 5.8 GHz suke aiki, sababbin kuma 24 GHz, da ƙarfin da bai taka kara ya karya ba. Layukan wayarmu suna ƙasa da nan: 900 da 1800 MHz, 2100 na 3G, su 700, 800 da 2600 na 4G, sai 5G da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi gwanjon zangonsa na 3.5 GHz a Disambar 2021. Abin da fitilar 5.8 ke iya taɓawa shi ne Wi-Fi ɗin da ke kusa da ita, ko kuma 'yar'uwarta in ka sa su suna kallon juna, sai ka ga suna kamawa ba kowa. Karkata su, ka nisanta su da rauta, wato na'urar Wi-Fi, shi ke nan. Akwai kuma masu arha da kwakwalwar wutarsu ke fitar da hayaniya, wannan rashin ingancin ƙira ne, ba ruwan radar.

Batun jirgi yana da tushe, amma ba naka ba ne. Na'urar da ke gaya wa matuƙi tazararsa da ƙasa tana aiki tsakanin 4.2 da 4.4 GHz. A Amurka an ba kamfanonin waya 3.7 zuwa 3.98, kusa da ita, shi ya sa a Janairun 2022 aka yi ta-ta-ɓurza har kamfanonin Verizon da AT&T suka jinkirta kunna wasu turakunsu na sabis ɗin 5G a gefen filayen jirgi. Turakun kamfani ake magana masu ƙarfin gaske, ba fitilar ƙofar shago ba.

Wanda nake zargi shi ne wanda ba ka zarga ba: bustar.

Wallahi na gaji da wannan fahimta da ta kama mutanenmu, cewa maganin raunin sabis shi ne a ƙara ƙarfi. Kullum sai na ci karo da ita. Mutum ya shiga kasuwa a Sabon Gari ko PZ, a miƙo masa farin akwati ba suna ba lamba, a ce masa sanda huɗu zai gani. Kuma zai gani ɗin, nan ne yaudarar take. Sandunan ƙarfin sigina suke nunawa, ba tsabtarta ba. Busta ba ta san kira ba, ba ta san hayaniya ba, duk abin da ta tsinta a iska kumbura shi take yi ta watsa, gaba da baya.

Ka tuna abin da ke faruwa a masallaci in ladan ya matso da makirfo kusa da lasifika, wannan ƙarar mai huda kunne? Haka busta ke yi in eriyar waje da ta ciki suna jin juna. Bambancin kawai ita ba ka jin ihunta, turken kamfani ne ke ji. Shi kuwa turke kunne ya kasa yana sauraron wayoyi ɗaruruwa, kowace da 'yar muryarta da ba ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na wat ba a 4G. Akwati ɗaya ya tsaya yana kururuwa a zangon da wayoyi ke aika saƙo, sai turken ya kurmance ga kowa. Wayoyin maƙwabta su ƙara ƙarfi don a ji su, batir ya ƙare da wuri, kira ya tsinke, wanda ke nesa ma ba zai shiga ba sam. Na taɓa hawa rufin wani gida a Samaru na tarar an ɗaure eriyoyin biyu a sanda ɗaya da igiyar roba, tsakaninsu bai fi kamu biyu ba, akwatin ya yi zafi kamar dutsen guga. Maigidan yana ta yaba wa yaron da ya haɗa masa, alhali mai awo da ke bayan gidan kwana da kwanaki ba ta ganin alat ɗin cinikinta. Muna zare filogi, kafin in sauko daga tsani wayoyi sun fara ƙara.

Irin wannan tunanin ne ke sa masu haɗa intanet daga rufi zuwa rufi su canja ƙasar da ke cikin saitin na'ura, su kashe DFS, tsarin da ke sa ta kauce wa radar, don wai ta daina tsalle daga tasha zuwa tasha. Ba banza take tsallen ba. Wani sashe na zangon 5 GHz na tarayya ne da radar, har da ta hasashen yanayi da ke wajen 5.6. An tsara na'urar ta yi shiru na minti ɗaya tana saurare kafin ta hau tasha, in ta ji radar ta sauka, kar ta dawo sai bayan minti 30. Radar amsa-kuwwa take jira, wadda kan dawo a raunane ƙwarai: in tazara ta ninka biyu, abin da ke dawowa ya ragu sau 16. Wanda ya kashe wannan tsari a gari irin Zariya, inda ake koyar da tuƙin jirgi tun 1964, ya san da wa yake wasa? Manyan kamfanoni ma ba sa tsallake wannan layi. Google ta sa radar ta 60 GHz a wayarta Pixel 4 a 2019, kuma ba ta kai ta kasuwar Indiya ba saboda ba a buɗe zangon a can ba. Mu kuma a nan yaro da sukudireba ya ce ya fi kowa sani.

NCC ta sha gargaɗi a kan amfani da busta ba izini, amma gargaɗi a takarda ba ya hana kaya shigowa. Su ma kamfanonin suna da nasu alhakin, don da mutum zai kai ƙorafi a duba masa a kan lokaci, da ba wanda zai nemi akwatin kasuwa. Duk da haka haƙƙin maƙwabci na nan a wuyanka, Malam, ko mai naƙuda ce ke neman layi da tsakar dare ba ka sani ba.

Yau da dare ka zare bustar daga wuta gaba ɗaya, ka bar fitilun a kunne, gobe ka tambayi mutum uku a layin. In sabis ya dawo, ka je da kanka ka shaida wa mai unguwa. Don POS ɗin, gwada layin wani kamfani, ko ka sa rauta mai layi a bakin taga mai kallon turke. In kamfaninka bai saurare ka ba, kira 622, layin ƙorafi na NCC, kyauta ne.