Amsa ga tambayarka kan allon Girkawa

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka ga hoton allon katako da rubutun Girkanci, kana tambaya ko al'adar karatu da allo ba tamu kaɗai ba ce. Ba tamu kaɗai ba ce. Amma kada ka yi saurin cewa wani ya aro daga wani. Duk inda takarda ta yi tsada, ɗalibi sai ya nemi abin da zai rubuta ya goge.

Mafi yawan waɗannan kayan karatu a Masar aka same su, domin bayan Iskandari Mai Girma ya ci ƙasar, Girkanci ya zama harshen mulki da makaranta, kuma busasshen yashi ba ya ruɓar da abu. Wasu Turawan Ingila biyu, Grenfell da Hunt, sun fara tono jujin garin Oksirinkus a 1897, suka fito da dubban guntayen takardar fafirus. Yaran can suna rubutu a kan tsingaro, da allon da aka shafe da kakin zuma, a rubuta da tsinken ƙarfe, a juya gindinsa a shafe. Kalmomi a haɗe suke ba tazara, don haka malami kan sa wa yaro alama a inda gaɓa ta ƙare.

Littafin nahawun da suka dogara da shi ɗan ƙarami ne, wanda ake jinginawa ga Diyonisiyus Tiraks, almajirin malaman Iskandariyya a ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya kasa magana gida 8. An yi ta kwafe shi da hannu fiye da shekara 1,000, sharhin da ke gefe har ya ninka matanin.

Wanda ya fi ba ni dariya wani allo ne da ke Landan. An ba yaro jumla guda, cewa Fitagoras, masanin falsafa, ya gargaɗi almajiransa su bar cin nama, aka ce ya bi da ita kowane i'irabi, a tilo, a tasniya, a jam'i. Sai ga yaro yana rubuta Fitagoras biyu, sannan Fitagoras masu yawa, duk suna hana nama! Fi'ilin da suke tasarifi da shi kuwa na duka ne, kamar yadda namu masu nahawu ba su gajiya da sa Zaidu ya doki Amru. A ganina wannan tilawa tana da wahala, amma wanda ya sha ta ba ya tuntuɓe in ya shiga waƙoƙin Homa, babban mawaƙin Girkawa.

Daga baya malaman Rumawan gabas suka mayar da nahawun tambaya da amsa, don sauƙin hadda. Irin wannan ne Manuwel Kirisoloras ya rubuta, shi da ya fara koyar da Girkanci a Fulorans ta Italiya a 1397, ɗalibai suna kwafewa daga hannun juna. Sai a 1476 aka buga nahawun wani malamin Girkanci, Laskaris, da injin ɗab'i a Milan, duk da haka masu kwafe da hannu ba su ajiye alƙalami nan take ba.

Ka gaida mahaifiyarka.