Amsa Ga Ƙanena Mai Son Zuwa Amurka Ya Ɗora Wa Tsohuwar Mota Injin Zamani

Assalamu alaikum ƙanena,

Saƙonka ya iso ni. Ka ce ka gama difloma a fannin kanikanci, kana neman gurbin ƙaro karatu a nan Amurka, kuma babban burinka shi ne ka samu tsohuwar mota irin ta shekarun 1960, Chevelle ko Charger, ka sauke tsohon injinta ka ɗora na zamani da kuɗi kaɗan, kamar yadda kake gani a YouTube. Ka tambaye ni ko ɗalibi zai iya wannan aiki, da kuma nawa ya kamata ka tanada. Gyaran mota shi ne sana'ata a nan jihar Ohio, don haka zan faɗa maka abin da zan faɗa wa ɗan cikina.

Burinka ya yi mini daɗi ƙwarai. Sai dai abin da masu bidiyon nan ba su cika nunawa ba shi ne, a duk cikin aikin, inji ne ya fi arha. Abubuwan da ke cin kuɗi su ne bodi mai lafiya, wurin yin aiki, kayan aiki da lokaci, kuma waɗannan huɗun su ne ɗalibi baƙo ba shi da su.

Motocin da kake so ba su daɗe ana ƙera su ba. A 1964 kamfanin Pontiac ya ɗauki babban inji mai silinda takwas, lita 6.4, ya sa a cikin matsakaiciyar motarsa ya kira ta GTO, sauran kamfanoni suka bi sahu. Kafin a cika shekara goma zamanin ya wuce: dokar rage hayaƙi ta 1970, tsadar inshora, sai ƙarancin man fetur na 1973 ya ƙarasa shi. Samarin wancan lokaci su ne dattawan yau masu fansho da rarar kuɗi, kuma su ne ke rububin sayen motocin ƙuruciyarsu. Shi ya sa Charger ta 1969 ko Chevelle SS ta 1970 mai lafiya sai dubban gomomin daloli, gwangwaninta ma da tsatsa ta cinye ba a bayar da shi a banza. Cire waɗannan daga lissafinka.

Mai ƙaramin ƙarfi yakan nemi mota mai ƙofa huɗu, domin masu tara motoci mai ƙofa biyu suke so. Ko kuma ya matso gaba zuwa motocin General Motors na 1978 zuwa 1988, irin su Malibu, Monte Carlo, Cutlass da Regal, waɗanda har yanzu tayoyin baya ne ke jan su, kuma gidan injinsu na da faɗi. Akwai kuma Mustang ta 1979 zuwa 1993, ko da yake ita ma farashinta na ta hawa. Za ka ji wasu na cewa waɗannan ba su ne na asali ba. Ni ban damu da wannan magana ba, kai ma kada ta dame ka.

Kafin inji, tsatsa. A nan Ohio da Michigan da duk jihohin da ƙanƙara ke zuba, gishiri ake watsawa a kan titi lokacin sanyi, kuma gishirin nan daga ƙasa yake cin mota. Sai ka ga fenti na ƙyalli, ka leƙa ƙarƙashi ka iske ƙarfen da ke ɗauke da motar ya ruɓe, kana taɓawa yana zubowa. Mu nan idan za mu duba tsohuwar mota, da tocila da ƙaramin maganaɗisu muke zuwa. Duk inda maganaɗisun ya ƙi kamawa a jikin bodi, an cike wurin da foti ne an rufe da fenti. Sai a ɗaga shimfiɗar ƙasa, a duba cikin but, a duba gindin gilashin gaba da na baya inda ruwa ke kwanciya. Gyaran bodin da ya ruɓe yakan ninka kuɗin inji sau da yawa, shi ya sa masu wayo ke tafiya har Arizona ko yammacin Texas, inda ƙasa ke bushe, su jawo mota a kan tirela. Araha ba ta ado, ƙanena. Kuma ko kyauta aka ba ka mota, idan babu takardar mallaka, ka bar ta. Ba za ka iya yi mata rajista cikin sauƙi ba, wani lokaci ma ta sata ce.

Injin da kowa ke magana a kai shi ne LS na General Motors. Ya fara fitowa a Corvette ta 1997, amma ba na Corvette talaka ke saye ba. Daga 1999 kamfanin ya riƙa sa ɗan'uwansa mai lita 5.3 a cikin motocinsa na kaya da manyan motoci, Silverado, Sierra, Tahoe da Suburban, aka ƙera su da yawan gaske, yanzu kuma sun cika filayen 'yan gwangwan. Akwai filayen da za ka shiga da akwatin sifanunka, ka kwance injin da hannunka, ka biya 'yan ɗaruruwan daloli a bakin ƙofa. Ƙarfinsa ya kusa dawaki 300 ba tare da an taɓa komai ba, yana da juriya, kuma bai da faɗi, don haka yana shiga wuraren da injin Coyote na Ford, wanda ya fito a 2011, ba ya shiga sai an yanka ƙarfe. Shawarar da nake ba kowa ita ce ya saye shi a haɗe: inji, giyabos ɗinsa, wayoyinsa, kwamfutarsa, har da totur idan na lantarki ne. Wanda ya saya ɗaya bayan ɗaya yakan biya ninki.

Daga nan ne ƙananan kashe-kashen kuɗi ke farawa, kuma ba sa ƙarewa da wuri. Ƙafafun da injin zai zauna a kai daban ne. Kaskon baƙin mai na motar kaya ya yi zurfi, a ƙaramar mota zai riƙa dukan titi, dole a canja shi. Tsohuwar mota kafireta take da ita, ɗan famfo mai rauni ya ishe ta, shi kuwa wannan injin yana buƙatar matsin mai kusan 58 a ma'aunin psi, wato sabon famfo, sababbin bututai, sau da yawa har da sabon tanki. Kwamfutar injin tana da makullin hana sata, idan ba a goge shi ba injin zai tashi ya mutu nan take. Ga lagireto, ga salansa, ga farfela da za a rage ko a ƙara wa tsawo. Sai burki, wanda ba na yarda a yi wasa da shi. Yawancin motocin shekarun 1960 da burkin ganga suka fito, kuma wanda ya ninka wa mota ƙarfi ya bar ta da wannan burki, ransa da na mutane ya sa a haɗari. Duk lissafin da ka yi a takarda, ka ɗauka zai ninka kafin motar ta hau titi. Dokar hayaƙi ma ta bambanta daga jiha zuwa jiha. A Kalifoniya motar 1975 zuwa baya ba a yi mata gwajin hayaƙi, amma daga 1976 zuwa gaba sai ta ci gwajin.

Yanzu ga inda na fi son ka buɗe kunne. Mai bizar karatu ta F-1 aikin awa 20 a mako kawai aka yarje masa lokacin zangon karatu, shi ma a cikin makaranta. Gyara wa mutane mota a ba ka kuɗi a hannu aiki ne ba da izini ba, kuma idan ya fito fili takardunka sun lalace. Na ga yara masu basira, daga ƙasashe daban-daban, da suka rasa karatunsu ta wannan hanya, abin yana ci mini rai har yau. Ɗan abin da za ka samu a makaranta zai tafi ne a haya da abinci da inshorar lafiya. Gidajen haya da ɗalibai ke zama galibi sun hana kwance mota a wurin ajiye motoci, kuma motar da ba ta tashi ana iya janye ta a caje ka. A gida kana iya kafa garejinka a gindin bishiya, maƙwabcinka ya ara maka jak. A nan daga Disamba zuwa Maris sanyi ba zai bar ka ka riƙe sifana a waje ba, gareji kuwa hayarsa ake biya.

Wannan ba ya nufin ka fasa. Ka zo domin ilimin, motar za ta biyo baya. Kwalejojin al'umma na shekara biyu suna koyar da fasahar mota da kuɗi mai sauƙi, suna da na'urar ɗaga mota da kayan aikin da ba za ka iya saye ba. Idan kuma zuciyarka na kan tsofaffin motoci ne ɗungurungum, akwai McPherson College a jihar Kansas mai digirin shekara huɗu a kan farfaɗo da su, sai dai makarantar kuɗi ce, sai ka nemi tallafi. Ka lura da irin bizar da makaranta ke bayarwa. Mai F-1 yana iya samun izinin aiki na wata 12 a fanninsa bayan kammalawa, mai M-1 ta makarantun koyon sana'a kuwa bai wuce wata shida ba. Wannan bambanci yana da girma ga wanda ke son ya shiga garejin ƙwararru ya koya.

Maganar biza ita kanta ta yi tsauri. A Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya mai wa'adin wata uku, kuma tun daga lokacin an ci gaba da ƙara sharuɗɗa har a kan ɗalibai. Kada ka biya kowace makaranta ko wani dillali ko sisi sai ka karanta halin da ake ciki a shafin ofishin jakadancinsu, ka kuma tuntuɓi cibiyar EducationUSA ta Abuja, shawararsu kyauta ce.

Kafin nan akwai abin da za ka fara gobe. Sauya inji ba baƙon abu ba ne a wajenmu, kullum ana ɗora wa tsofaffin Peugeot da Toyota injunan Beljiyam, kuma kayan suna nan a Ƙofar Ruwa ta Kano da Fanteka ta Kaduna. Ka samu mai wayarin da ya san aikinsa ka zauna a ƙarƙashinsa, domin a aikin LS wayarin ne ke kayar da yawancin mutane. Ka koyi karanta taswirar wayoyi, ka sayi ƙaramar na'urar gano matsalar inji ka saba da ita, ka koyi waldar falle mai sirantaka ba tare da ka huda shi ba. Duk aikin da ka yi ka ɗauki hotonsa daga farko zuwa ƙarshe, zai yi maka amfani wajen neman gurbi da tallafi.

Ka turo mini sunayen makarantun da kake dubawa, zan bincika maka irin bizar da kowace ke bayarwa da kuɗin zama a garin. Ka gaida Baba da Mama, ka kuma nuna musu wannan saƙo, domin su ne za su fitar da takardun banki.

Naka yayanka, daga Ohio.