Amsa: Ina iskar kabon ta shiga a zamanin ƙanƙara?

Malam, ka tambaya daga Kumasi ina iskar kabon (iskar da muke fitarwa a numfashi) ta tafi a zamanin ƙanƙara, lokacin da duniya ta yi sanyi har ƙanƙara ta rufe manyan yankuna. Teku ne ya haɗiye ta. Tsohuwar ƙanƙarar da aka haƙo a Antatika, nahiyar da ke ƙarshen kudancin duniya, ta nuna adadinta a iskar duniya ya sauko daga wajen kashi 280 zuwa 180 cikin miliyan, lokacin da fari ya sa tafkinku na Bosomtwe ya ja baya sosai.

Ruwan sanyi ya fi riƙe iska, amma wannan ƙaramin dalili ne. Babban yana Tekun Kudu, wanda ya kewaye Antatika: ƙanƙara ta rufe samansa, ruwan ƙasan tekun mai gishiri ya yi nauyi, tasowarsa ta ragu, kabon ya maƙale a zurfi. Ƙura mai sinadarin ƙarfe kuma ta ciyar da ƙananan tsirran teku, suka zuƙi kabon, suka mutu suka nutse da shi. Wajen shekaru 18,000 da suka wuce ruwan ya fara tasowa, iskar ta fito.