FUE ko FUT ga mai sanƙo sosai?

Ɗan'uwa daga Nima ta Accra, ka ce sanƙonka ya kai mataki na 6 a ma'aunin Norwood da ake auna sanƙo da shi, kana tambayar wanne ya fi tsakanin FUE da FUT, hanyoyi biyu na dashen gashi. Ni dai FUT zan fara dubawa. Gashin ƙeya shi ne jarinka, don daga nan ake ɗibar wanda za a dasa, kuma ba ya ƙaruwa. A FUT ana yanko siririyar fata daga ƙeya, a samu saiwa da yawa a zama ɗaya. FUE kuwa ɗai-ɗai ake cirowa, kuma saiwar gashinmu a lanƙwashe take cikin fata, hannun da bai saba ba sai ya yi ta datse ta.

Amma FUT na barin tabo dogo. In kai mai aski ƙwal ne duk Juma'a wajen wanzami, zai fito fili. In kuma fatarka na yin tabo mai kumburi, fara nuna wa likitan fata a asibitin Korle Bu da ke Accra kafin ka biya tikitin zuwa Turkiyya yin dashen.