Ga Malamar da Ɗalibanta Suka Ce Ƙin Ramuwa Tsoro Ne

Salamu alaikum Malama. Na ga tambayarki, kin ce kina koyar da gwagwarmayar Indiya da Turawan Ingila, sai ɗalibai suka tsaya miki a kan cewa wanda aka daka bai rama ba matsoraci ne, wasu ma suka ce ai wannan hanyar Hindu ce, Musulmi ba ya yarda da ita. Wallahi ciwonki nawa ne. Babu abin da ke ɓata wa mai koyar da wannan darasi rai kamar yaro ya fashe da dariya a kan mutanen da suka ba da ransu.

Ki ajiye Gandhi tukuna, ki fara musu da Khan Abdul Gaffar Khan, wanda mutanensa ke kira Bacha Khan. Musulmi ne, ya yi aikin hajji, an haife shi a 1890 a Utmanzai kusa da Feshawar da ke Fakistan a yau, ɗan ƙabilar Fashtun. Su kuwa Fashtun ramuwar gayya tana cikin tushen al'adarsu, suna ce mata badal, kuma Turawa sun sha yaƙi da su a duwatsun kan iyaka. Wa zai kira waɗannan matsorata?

Kada ki koyar da abin a matsayin halin haƙuri kawai, nan ne darasin ke lalacewa. Tsari ne mai horo. Da makaranta ya fara, a ƙauyensu a 1910. A 1928 ya fito da mujalla cikin harshen Fashto. Sai a 1929 ya kafa Khudai Khidmatgar, wato masu yi wa Allah hidima. Mai shiga sai ya rantse ba zai tayar da fitina ba, ba zai ɗauki fansa ba, zai yafe wa wanda ya zalunce shi, kuma zai ba da awa biyu kullum ga aikin al'umma. Suna da muƙamai irin na soja, suna fareti, amma ba bindiga. Farin kayansu yana saurin datti, shi ya sa suka rina shi da launin jan bulo, har aka riƙa kiransu masu jar riga. Yawansu ya kai kimanin 100,000.

Dalilin ƙin ramuwar ma ki faɗa musu ƙarara. Turawa suna da dokar laifukan kan iyaka ta 1901, wadda ta ba su damar hukunta dangi ko ƙauye gaba ɗaya saboda laifin mutum guda. Harsashi ɗaya daga ɓangaren talakawa ya ishe su hujjar rushe gidaje da cin tara. Wanda bai ɗaga hannu ba kuwa, me za a rubuta a rahoto ya yi?

Sai ranar 23 ga Afrilu 1930, ranar da ba na iya karanta labarinta ban ajiye littafin ba. An kama Bacha Khan da wasu shugabanni, jama'a suka taru a kasuwar Ƙissa Khwani a Feshawar. Aka turo motoci masu sulke cikin taro, suka take mutane. A ruɗanin nan an kashe wani sojan Ingila mai babur, an kuma ƙona mota ɗaya. Ki faɗi wannan da bakinki, kada yaro ya gano shi a intanet ya ce kin ɓoye. Amma abin da ya biyo baya fa? Aka buɗe wuta a kan mutanen da ba su da makami, aka ɗauki sa'o'i ana harbi, na gaba ya faɗi, na baya ya matso ya tsaya a gurbinsa. A kasuwa! Inda mutane ke sayen shayi da busassun 'ya'yan itace! Bayan haka gwamnati ta ce wai kusan mutum 20 ne suka mutu, masu fafutuka suka ce ɗaruruwa ne. Wannan rainin hankali na ƙidayar gawa ya fi komai ƙona mini rai, sun kashe su kuma suna so su rage su a takarda. A cikin wannan rikici ne sojojin Garhwal, 'yan Indiya da ke cikin rundunar Turawa, waɗanda Hindu ne, suka ƙi harbin Musulmin da ke gabansu, aka gurfanar da su a kotun soja aka ɗaure su. Ki tsaya nan ki tambayi ajin: da taron yana harbi, waɗannan sojoji za su sauke bindiga?

Ki kuma nuna musu inda tsarin ke karyewa. A Fabrairu 1922 a garin Chauri Chaura da ke arewacin Indiya, 'yan sanda suka yi harbi, taro ya fusata ya ƙona ofishinsu, 'yan sanda 22 suka mutu. Gandhi ya dakatar da gangamin ƙasar baki ɗaya, domin ya ga jama'a sun fi horon da aka ba su yawa.

Abin da ke ba ni baƙin ciki ma, bayan Turawa sun tafi Bacha Khan bai huta ba. Ya ƙi amincewa da raba Indiya a 1947, jam'iyyar Congress da ya yi wa wahala ta amince da rabuwar, sannan gwamnatocin Fakistan suka yi ta ɗaure shi shekara da shekaru. Ya rasu ranar 20 ga Janairu 1988, aka binne shi a Jalalabad ta Afganistan kamar yadda ya bar wasiyya. Allah ya jiƙansa.

Idan lokaci ya rage, ki ɗauko musu Malam Aminu Kano da NEPU ta 1950, shi ma ra'ayin Gandhi ya yi tasiri a kansa, kuma yaranmu sun ji labarin ɗaurin da 'yan NEPU suka sha a hannun En'e. Amma ki zo da taswira, ki nuna musu Feshawar da mashigar Khaibar kafin ki ce komai. Ki rubuta sunayensa uku a allo, Abdul Gaffar Khan, Bacha Khan da Badshah Khan, don kada su ɗauka mutum uku ne.